Baitin da Ya Ƙi Rubutuwa

Ni tela ne. Shagon da nake aiki yana Tudun Wadar Zariya, gidanmu kuma yana cikin birni, ba nisa da Ƙofar Doka. Mahaifina mai ɗinkin hannu ne, irin dattawan nan da ke wuni a zaure da allura da zare suna fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga, shi ma a wurin nasa mahaifin ya gada. Waƙa ba gadonmu ba ce. A Islamiyya na fara ta, inda malaminmu ya lura da muryata ya riƙa ba ni jan baitin bege idan an zo Mauludi. Da na girma sai na koma rera tawa a kan keken ɗinki, ƙarar keken na yi mini kiɗa.

Bayan Babbar Sallar 2023, kasuwa ta yi sanyi kamar yadda takan yi, wani saurayi ya kawo mini yadi in ɗinka masa kaftani. Ina gwada shi ina ɗan rera wani abu a ƙasan maƙoshi, sai ya ce in sake maimaitawa. Na sake. Ya ce shi fiyano yake kaɗawa a cocinsu a Wusasa, kuma ya daɗe yana neman mai irin wannan murya. Na yaba masa Hausarsa, na tambaye shi inda ya koya. Ya dube ni ya ce, "Malam, kakana Bahaushe ne, kakan kakana ma haka." Na ji kunya ƙwarai. An haife ni a Zariya, ina ganin dutsen Kufena kullum, na san akwai tsohuwar cocin nan ta ƙasa da aka gina a Wusasa a 1929 da gini irin namu, na san Janar Gowon a can ya tashi, amma ban taɓa zama da Bahaushe Kirista mun yi hira ta minti goma ba sai ranar.

Da ya zo karɓar ɗinkinsa ya kawo maganar da ke ransa. Ya ce ranar 21 ga Satumba ita ce Ranar Zaman Lafiya ta Duniya wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware, yana so mu haɗa waƙa guda da harsunan mutanen garin nan, mu fitar da ita ranar. Babu wata ƙungiya a bayanmu, babu mai ba mu ko sisi. Na ce ya ba ni kwana biyu, don akwai wanda zan fara tambaya.

Na sami Baba bayan sallar isha'i. Na durƙusa na gaya masa komai, har da cewa akwai Kiristoci a ciki, akwai kuma mace. Bai ɗago daga ɗinkin da ke hannunsa ba. Can ya ce, "Roƙo za ka fara?" Na ce a'a Baba, ba za mu ambaci sunan kowa ba, ba za mu karɓi kuɗin kowa ba. Ya yi shiru har na zaci ya manta da ni, sannan ya ce, "Kada sallah ta wuce ka, kada dare ya yi maka a waje." A gidanmu wannan shi ne izini.

Haɗa mutane bai ba mu wahala ba, don Zariya gari ne da ka miƙa hannu za ka taɓo kowane irin mutum. Ni na kawo abokina na yarinta, ɗan gidan makaɗan mahauta, wanda kalangu ke hannunsa tun yana ɗan shekara bakwai. Shi kuma ya kawo wani Bafulatani daga wajen Shika mai busa sarewa, wanda yakan kawo awaki kasuwa. Mutumin Wusasa ya zo da uku: wani Bayarabe mai kaɗa gangar Yarabawa da ake kira gangan, wanda kakansa ya zo Zariya aikin jirgin ƙasa, wani ɗan Ibo haifaffen Sabon Gari da Hausa ta fi Ibo zama a bakinsa, da wata ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, 'yar Bajju, mai muryar da idan ta ɗaga ta sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Mu bakwai ke nan.

Wurin gwaji ne ya fara zama matsala. Mai fiyano ya ce akwai ɗaki a harabar cocinsu, na ce idan aka gan ni ina shiga can, maganar za ta riga ni isa gida. Ni ma ba zan iya kai mace da kalangu zauren Baba ba. Ɗan Ibo ne ya raba gardama, ya roƙi mahaifinsa ya ba mu sito a bayan shagonsa na kayan mota a Sabon Gari. Ɗaki ne mai warin baƙin mai, tayoyi jibge har rufi, a kansu muke zama. Sai maganar lokaci. Juma'a tamu ce, Lahadi tasu, ran Laraba da yamma suna da taron addu'a, Bafulatani kuma yana da ranakun kasuwa. Muka tsaya a kan Talata da Asabar, daga bayan la'asar zuwa magariba. A zuwanmu na biyu na tarar ɗan Ibo ya sayo buta sabuwa ya ajiye a bakin ƙofa, ya kuma share wani lungu ya shimfiɗa kwali. Bai ce komai a kai ba, mu ma ba mu ce ba.

A lokacin ba a daɗe da cire tallafin man fetur ba, tun ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota ya ninka. Ita ɗalibar daga Samaru take tahowa ta Kwangila, Bafulatani daga Shika. Sai muka sa gwangwani, kowa ya jefa abin da ya samu, a ba masu nisa kuɗin komawa.

Ni aka ɗora wa rubuta waƙar, cikin dare biyu na gama. Na zuba mata duk abin da na sani: zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, tsintsiya maɗaurinki ɗaya, Nijeriya uwa ce gare mu duka. Ƙafiya ta zauna, amshi ya yi daɗi, kowa ya tafa. Muka yi mako biyu muna maimaita ta. Rannan mai kalangu ya ce mahaifinsa yana so ya ji, muka ɗunguma gidansu. Tsoho ne da ya shekara fiye da arba'in yana kiɗa a mahauta da gidajen biki. Ya saurara har ƙarshe idonsa a rufe, sannan ya ce mini, "Ɗana, muryarka tana da kyau. Amma wannan sanarwa ce, irin ta rediyo. Wa ka gaya wa? Me ya same ka da kake wannan magana?" Raina ya sosu, don na ga kamar ya raina mini ƙoƙari. Sai dai ban sami amsar da zan ba shi ba.

Kafin in kai ga abin da ya biyo baya, bari in ɗan tsaya a kan kiɗan, don a nan muka fara sanin juna tun kafin mu ankara.

Mai fiyano ya saba da tsarin coci: a fara tsara karin waƙa, sannan a ɗora kalmomi a kai. Mu kuwa kalma ce ke jan kari. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, idan ka juya sautin kalma ka juya ma'anarta. Akwai wani layi da na ce "mun gaji da kuka". A karin da ya tsara, gaɓar ƙarshe tana faɗuwa ƙasa, sai kalmar ta koma kukar miya. Mai kalangu ne ya fara kamawa, ya ajiye makaɗi ya ce shi kalangunsa ba zai faɗi haka ba. Ya matse tsarkiya a hammatarsa ya buga kalmar sama da sama, ya saki ya buga ta sama da ƙasa, kowa ya ji bambancin ba tare da an yi bayani ba. Ɗan Ibo ya yi tsalle ya ce su ma haka ne, kalmar "akwa" a wurinsu tana iya zama kuka, ko tufafi, ko ƙwai, ko gadon kwanciya, ya danganta da yadda ka ɗaga ta. Bayarabe ya ce ai su gangarsu ba don komai aka yi ta ba sai don wannan. Daga ranar muka canza tsari. Duk wanda zai yi baiti da harshensa, sai ya fara faɗinsa da baki kamar magana, masu ganga su kwaikwaya, sannan mai fiyano ya bi sawunsu ya nemo karin.

Haɗuwar kalangu da gangan kuwa abin kallo ce. Ƙirarsu ɗaya: kango mai siririn ƙugu, fata gaba da baya, igiyoyin da ake matsawa, makaɗi mai lanƙwasa. Ranar farko sun ɗauki kusan rabin awa kowa na juya ta ɗan'uwansa yana ƙwanƙwasa itacen. Amma da suka fara bugawa tare sai abin ya cakuɗe, kamar mutum biyu suna magana lokaci guda. Kowa yana so tasa ta fito. Sai da suka yarda su riƙa ba juna hanya, wannan ya yi tambaya, wancan ya amsa. Ni da ba na jin Yarbanci na kai ina gane lokacin da gangan ke gaisuwa da lokacin da take tsokana.

Sarewa ita ce ta fi ba mu aiki. Ramukanta huɗu, sautinta a inda maƙerinta ya bar shi yake, ba a ɗaure ta ba a sassauta ta. Duk maɓallin da mai fiyano ya taɓa sai a ji ta ɗan kauce. Da farko ya ce wa Bafulatani ya nemo wata. Shi kuwa ya ce wannan ta yayansa ce, da ita yake kiwo, ba shi da wata. Mai fiyano ya koma gida ya kwana yana laluben na'urarsa har ya gano inda ake sassauta sautinta gaba ɗaya, ya sauko da ita daidai da sarewar. Ya kuma rage yawan sautukan da yake cusawa, ya tsaya a kan biyar ɗin da sarewa ke yawo a cikinsu. Ran Asabar da suka busa tare, waƙar ta sami wani irin sanyi da ba ta da shi a da.

A amshi muka jera kalmar da kowa ke da ita. Mu "lafiya", Bayarabe "alafiya", waɗanda duk daga Larabci suka samo asali, ɗan Ibo "udo", Bafulatani "jam", ɗalibar ita ma ta kawo tasu ta Jju, harshen Bajju, ta koya mana har sai da bakinmu ya faɗa daidai. Ta sha gyara ni, ba ta taɓa gajiya ba.

To ana cikin haka ne, wata Talata ruwa ya tsare mu a sito, hira ta yi hira. Wani ya tambaye ta garinsu, ta ce Zonkwa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ina da ɗinkin da zan ƙarasa, na fita cikin ruwan.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, a Zonkwa yake zaune shekara ashirin yana sayen citta da hatsi. A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, rikici ya ɓarke a jihohin Arewa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku, kuma jiharmu ta Kaduna ce ta fi kowace jin jiki. Ina ɗan shekara goma sha biyu. Abin da na riƙe shi ne ranar da aka sauke matarsa, wadda muke kira Inna, a ƙofar gidanmu da yara huɗu da ƙullin kaya ɗaya, ƙafarta babu takalmi. Kawu bai dawo ba, ba mu kuma ga gawarsa ba. Tun daga ranar ba a ambaton sunan garin nan a gidanmu.

Na ƙi zuwa gwaji sau biyu. Na kashe waya. Ina kan keke ina ta ce wa kaina ai yarinyar ba ta yi mini komai ba, shekararta nawa a lokacin, amma zuciyata ta ƙi saurara. Abin da ya fi damuna shi ne ni ne na rubuta tsintsiya maɗaurinki ɗaya, na rera shi da ƙarfi mako uku, ga shi sunan gari kawai ya kore ni daga ɗaki. A nan tambayar tsohon nan ta dawo mini.

Mai fiyano ya zo shago ran Alhamis. Bai yi mini wa'azi ba. Ya zauna a benci yana kallon ina kafa aljihu, can ya ce, "Ɗan'uwa, ita ma ba ta zo ba tun ranar. Ta ce ta ga fuskarka, ta san abin da ke nan." Na gaya masa labarin Kawu, shi ne mutum na farko a wajen danginmu da na taɓa gaya wa. Ya ce in zo ran Asabar in faɗa a gaban kowa, idan na ga ba zan iya ci gaba ba bayan haka, babu mai riƙe ni.

Ranar Asabar ɗin ba a taɓa ko ganga ba. Na faɗi nawa ina kallon ƙasa. Da na gama, ɗan Ibo ya ce wannan shagon da muke zaune a bayansa shi ne na biyu. Na farkon an ƙone shi a garin nan a wancan makon dai na 2011, sun kwana huɗu a bariki, kuma maƙwabcinsu Bahaushe ne ya fitar da su da dare a cikin motarsa, ya sa wa mahaifinsa hula da babbar riga. Ya ce har yau idan zaɓe ya matso, mahaifiyarsa takan haɗa jaka ta ajiye a bayan ƙofa. Ban taɓa sanin haka ba, alhali a kan tayoyin mahaifinsa nake zama ina alwala da butarsa.

Ita ce ta yi magana a ƙarshe. Ta ce shekararta tara a lokacin. Ta ce ta tuna hayaƙi, ta tuna mahaifiyarta ta tura 'ya'yan maƙwabciyarsu Musulma guda biyu cikin rumbu ta rufe, ta zauna a gindinsa tana tsince wake kamar babu komai. Ta ce ta tuna ƙawarta da suke zama benci ɗaya a makaranta, wadda ba ta sake gani ba. Ta ce yayanta kuma yana karatu a nan Zariya a lokacin, ya tsira amma har yau hannunsa na hagu ba ya miƙewa. Sannan ta juyo ta ce mini, "Yaya, ban san kawunka ba. Amma na san an yi abin da ka faɗa, ba zan ce maka ba a yi ba. Allah ya jiƙansa." Shekara goma sha biyu ina jiran in ji wani daga can ya faɗi haka, ban ma san ina jira ba.

Muka yaga tsohuwar waƙar, amshi kawai muka bari. Sabon tsarin shawarar Bafulatani ce, mutumin da ba ya yawan magana. Ya ce idan kowa ya rera nasa ciwon, masu ji za su ce kowa na kare nasa ne. A yi musaya. Sai aka ba ni labarin ɗan Ibo, aka ba ta nawa, shi kuma ya ɗauki nata. Muka kafa sharaɗi: ba a ambaton ƙabila, ba a ambaton gari, ba a cewa wane ne ya fara.

Baitin Kawu shi ya ƙi rubutuwa. Na yi ta cika takarda ina yagawa, duk abin da na rubuta ko ya fito da zafi ko ya fito fanko. Daga ƙarshe na daina neman manyan kalmomi, na rubuta abin da idona ya gani kawai:

An sauke ta bakin zaure, ƙafa ba takalmi,
'Ya'ya huɗu na bayanta, ba mai ko ƙwaƙƙwaran numfashi,
Ta ce ku bar ƙofar a buɗe, mai gidan yana tafe.

Na kai mata. Ta karanta, ta ninke takardar ta sa a cikin littafinta, ta ce in ba ta mako guda kafin ta iya rerawa.

Kafin mu shiga situdiyo na kai wa malamina na Islamiyya rubutun, su ma suka kai wa limamin cocinsu. Malam ya sa na cire wani layi da ya ce yana kama da yi wa ƙaddara ƙorafi, na ga gaskiyarsa. Nasu kuma ya ce a sassauta wata kalma da za a iya ɗauka zargi ce. Muka gyara duka biyun.

Situdiyon ɗaki ne ƙarami a bene, an lulluɓe bangonsa da soso da kwalin ƙwai, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga. Mai haɗa kiɗan yaro ne mai hannu, sai dai ya saba da waƙoƙin fim da na biki. Da ya ga mun shigo da ganguna ya ce ba sai mun wahala ba, yana da kalangu a cikin kwamfuta. Ya kunna mana. Mai kalangu ya saurara ya ce, "Wannan tana bugawa amma ba ta magana." Muka dage sai na gaske. Haka muka yi da na'urar nan da ke gyara murya ta mai da ta kamar ta ƙarfe. Ya ce yanzu ba a sayen waƙa sai da ita, muka ce a sa kaɗan a amshi, a bar baitoci yadda suka fito daga maƙoshi.

Aikin a jere yake. An fara ɗaukar fiyano shi kaɗai don ya zama jagora. Sai kalangu, sai gangan, kowa shi kaɗai a ɗakin da abin saurare a kunne, abin da ya yi musu wuya don sun saba kallon hannun juna. Daga baya sai da aka buɗe labulen gilashin da ke tsakani suna hango juna, sannan bugun ya zauna. Sai sarewa, sai muryoyi ɗaya bayan ɗaya, amshi kuma muka ɗora shi sau uku don ya yi kauri kamar taro. Damina ce, rufin kwano ne, da an fara yayyafi sai a dakata. Wuta kuma tana zuwa tana tafiya, man janareta daga gwangwaninmu yake fita.

A rana ta uku ta shiga ɗaukar baitin Kawu. Sau biyu tana tsayawa a tsakiya. A na uku ta kai ƙarshe, muryarta ta ɗan karye a kan "mai gidan yana tafe", ɗakin ya yi tsit. Kafin yaron ya adana, wuta ta ɗauke. Aka tayar da janareta, aka kunna kwamfuta, babu shi. Na ji kamar in yi ihu. Ita kuwa ta sha ruwa, ta goge fuska da gefen ɗankwalinta, ta ce a sake. Wanda ke cikin waƙar yanzu shi ne na biyar. Yana da kyau, amma mu bakwai da yaron nan mun san akwai wanda ya fi shi.

Da aka gama daidaita sautuka ba mu yarda da manyan sifikun situdiyo ba, don ba da su mutanenmu ke sauraro ba. Muka tura a ƙaramar waya muka ji, muka roƙi wani mai Keke Napep ya sa a tasa muka zagaya da shi. A nan muka gane sarewa ta nutse, aka koma aka ɗago ta. Sannan muka bi masu tura waƙoƙi a waya na PZ da kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada, muka ba su kyauta, muka ce duk wanda ya zo a saka masa. Muka watsa a WhatsApp da Facebook. Wasu sun yi addu'a. Wasu sun zage ni, sun ce na sayar da jinin 'yan'uwana, ita ma nata mutanen wasu sun ce ta je tana yi wa waɗansu kuka ta bar nasu. Zagin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, musamman da yake wasu na san su.

Don taron ranar 21 ga wata, wadda ta faɗo Alhamis, mun je wurin mai unguwa da goro. Na ce, "Ranka ya daɗe, filin makarantar firamare muke roƙo na awa biyu." Ya sa aka kunna masa waƙar har sau biyu, ya ce mu rubuta wa 'yan sanda takarda, mu kuma tashi kafin magariba. Wani zauren taro da muka fara nema sun karɓi maganarmu, daga baya da suka ji abin da waƙar ta ƙunsa suka ce an riga an kama ranar. Mutanen da suka zo filin ba su da yawa, yara sun fi manya. Mahaifin ɗan Ibo ya rufe shago ya zo, tsohon makaɗin nan ma an kawo shi a babur. Da na rera baitin hula da babbar riga na ga mahaifin ɗan Ibo ya sunkuyar da kai. Da aka tashi, tsohon ya kama hannuna ya ce, "Yanzu ka gaya wa wani." Baba bai zo ba, har yau kuma bai ce mini komai a kan waƙar ba.

Wadda nake tsoro ita ce Inna. Ban gaya mata ba, ban kuma nemi izininta ba, wannan kuskurena ne, don labarin nata ne kafin ya zama nawa. A wayar ɗanta ta ji. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai. A rana ta huɗu ta aiko a kira ni ɗakinta. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Wace ce mai muryar?" Na gaya mata, na gaya mata garinsu. Ta daɗe tana kallon bango. Ta ce, "Ka kawo mini ita."

Ran Asabar na je Samaru na taho da ita. Ta sa doguwar riga da mayafi, ta riƙo ledar lemo, hannunta na rawa tun daga Ƙofar Doka. Muka yi sallama, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Mama, ina wuni." Inna ta dube ta, sai ta amsa mata da Jju. Ban taɓa sanin Inna tana jin harshen ba, shekara goma sha biyu muna gida ɗaya. Yarinyar ta rufe baki da hannu.

Inna ta jawo tabarma ta nuna mata kusa da ita. Ta tambaye ta unguwarsu, ta tambaye ta sunan kakarta, ta ce ta san gidan, akwai bishiyar mangwaro biyu a ƙofarsa. Yarinyar ta ce ɗaya ta faɗi. Sai Inna ta ce, "Yaya cittar bana?" Ta ce ai bana ciwo ya faɗa wa citta, gonaki sun ruɓe tun daga Kachia har wajensu, mahaifinta ko irin da zai shuka baɗi bai tsira da shi ba. Inna ta tafa hannu ta ce, "Wayyo, citta kuwa! Da me mutane za su biya kuɗin makaranta?" Ta juyo ta ce mini in tashi in ɗebo wa baƙuwa ruwa a randa, in kuma ce wa yara su ƙara tuwo.